Ciwon Dajin Mahaifa: Abin Da Ya Kamata Kowane Magidanci Ya Sani

Daga cikin cututtukan da ke kashe matan ƙasar nan a ɓoye, ciwon dajin mahaifa yana sahun gaba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mata wajen 12,000 ne suka kamu da dajin bakin mahaifa a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu. Abin baƙin ciki shi ne, wannan ciwo yana cikin 'yan kaɗan ɗin da ake iya tare su tun ba su kama ba.

Ciwon iri biyu ne. Akwai wanda ke tsirowa a bakin mahaifa, shi ne ya fi yawa a ƙasarmu, yakan kuma kama mace tun tana da sauran ƙarfinta. Akwai kuma wanda ke tsirowa a cikin mahaifar kanta, wanda ya fi samun matan da suka daina al'ada, musamman masu ƙiba ko ciwon sukari. Kada a haɗa su da ƙarin nan na mahaifa da ke kumbura cikin mace, domin shi galibi ba daji ba ne.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan sammu ko kishiya. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da gano tushen dajin bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta wurin kwanciyar aure. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. Namiji yana iya ɗauke da ita bai sani ba, saboda haka kamuwa da ciwon ba shaida ba ce cewa mace ba ta da kamun kai. Yawancin waɗanda suka ɗauka, jikinsu yakan kashe ta. Amma ga wasu takan zauna, ta yi ta ɓarna a hankali shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Ga mai ƙanjamau kuwa abin ya fi sauri.

Da farko ciwon ba ya nuna kome. In ya fara kankama sai a ga jini bayan kwanciya da miji, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara da baya. Babbar alama ita ce jini ya dawo wa macen da ta riga ta daina al'ada. Sau da yawa mace takan aika a tambayi malam hukuncin sallarta da wannan jini, amma kunya ta hana ta tambayar likita. Tambayar malam daidai ce, sai dai ba ta ɗauke zuwa asibiti ba.

Akwai wata al'ada ta 'yan'uwanmu mazauna Kurmi da ya kamata a sake dubawa. Da zarar ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai maigida ya sa matarsa a mota a kai ta gida a yi na gargajiya. Kafin a gama jiƙe-jiƙe da turare an cinye watanni, ciwon ya bazu. Ga shi kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana nan Idi-Araba, maƙwabcin Hausawa, na Badun kuma ba shi da nisa da Sabo. Wanda iyalinsa ke gida, akwai irinsu a Shika ta Zariya da Kano. Wadda ba ta jin Turanci ko Yarbanci ta tafi da 'yar rakiya, in ta fi son likita mace ta faɗa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tun watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin wannan ƙwaya kyauta, sau ɗaya tak. Tana kare su daga nau'i biyu da ke jawo wajen kashi 70 cikin ɗari na ciwon, ba ta kuma hana haihuwa kamar yadda ake jita-jita. Matan da suka kai shekara 30 kuwa, ana so su riƙa zuwa awon bakin mahaifa ko suna jin lafiyarsu lau. Awon na 'yan mintoci ne, in an ga wurin ya fara sauyawa sai a ƙone shi tun bai zama daji ba. In ma ya zama, muddin an gano da wuri, ana warkewa ta hanyar fiɗa ko gashi da na'ura.

Nauyin dai yana kan magidanta, domin mace ba ta fita sai da izininsu, kuɗin mota ma daga aljihunsu yake fitowa. Ya kamata sarakunan Hausawa da limaman unguwanninmu su riƙa tunatar da jama'a. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyashe mu da iyalanmu, amin.