Hutun Jaki da Kaya a Ka: Ma'aikacin Mararaba da Kwanakin da Doka Ta Ba Shi

Tsakanin Mararaba da Sakatariyar Tarayya da ke kan titin Shehu Shagari tafiyar kimanin kilomita 20 ce. Ranar Lahadi da hantsi mota kan cinye ta cikin rabin sa'a. Ranar Litinin kuwa, wanda bai bar gida da asuba ba ya san abin da ke jiransa: cunkoso daga gadar Mararaba zuwa Nyanya, daga nan a gangara Kugbo, a hau zuwa A.Y.A., mota na bin mota kamar jerin tururuwa. Da yamma a sake kwatawa a ɗaya hannun. Dubban ma'aikatan gwamnatin tarayya haka suke rayuwa, kwana biyar a mako, shekara da shekaru. Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikinsu shekara kan zagayo ba su taɓa hutun da doka ta ba su ba, wasu kuma sukan karɓe shi a takarda kawai, su ci gaba da leƙa ofis.

Yadda aka kai ga haka

A taswira Mararaba ba ta cikin Babban Birnin Tarayya. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, dab da kan iyaka. Amma a zahiri ɗakin kwanan Abuja ce. Tun da aka kafa birnin da doka a 1976, aka kuma dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikata suke ta kwarara, gidaje kuwa ba su taɓa isa ba. Da gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a 2003, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, aka kuma rusa unguwannin da suka saɓa wa tsarin birni a zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, sai masu ƙaramin ƙarfi suka yi gabas: Nyanya, Mararaba, Ado, Masaka, har zuwa Keffi. Hayar da ba ta biyuwa a Garki ko Wuse ana iya biyanta a can, amma ragowar kuɗin da lokaci ake biya, da barci, da lafiya.

Lissafin ba shi da wuya. Lokacin aikin gwamnati daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa 4 na yamma, wato sa'o'i 40 a mako. A ɗauka ma'aikaci yana kashe sa'o'i biyu a hanya da safe, biyu da yamma. Wasu sa'o'i 20 ke nan. Jimla 60, kafin a sa zaman taron da ya wuce lokaci, ko jiran maigida ya tashi. Ga hadiman ministoci da na 'yan majalisa da na manyan sakatarori kuwa, agogo ba ya aiki: lokacin tashinsu shi ne lokacin da mai gidan ya shiga mota, kuma waya na iya ƙara ko da tsakar dare.

Abin da jiki ke biya

A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike na haɗin gwiwa. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da doguwar ranar aiki. Wanda yake aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako, in ji binciken, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka kwatanta da mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40. Sa'o'in aiki binciken ya ƙirga, ban da na hanya. Sai dai wanda ya taɓa tsayuwa a bakin titi yana kokawar shiga mota, ya zauna a matse cikin zafi da hayaƙi, ya san jiki bai lissafa wannan a matsayin hutu ba.

Likitoci sun daɗe suna cewa baligi na buƙatar barcin aƙalla sa'o'i bakwai a dare. Wanda ya iso gida ƙarfe tara, ya ci abinci, ya ji matsalolin iyali, ya kwanta sha ɗaya, ya tashi ƙarfe huɗu, bashin sa'o'i biyu yake ci kullum. Bashin nan ba ya yafuwa. Yakan fito a hawan jini, wanda ba ya sallama kafin ya shigo. Yakan fito a saurin fushi, da mantuwa, da kuskure a takardar da za a sa wa hannu. Jiki magayi, in ji Hausawa, amma sai ga mai saurare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cewa ƙarewar ƙarfi saboda matsin aikin da ba a magance ba lamari ne da ya kamata a san da shi, ta kuma ba shi alamu uku: gajiya mai tsanani, jin zuciya ta fita daga aikin, da raguwar ƙwazo. Duk wanda ya daɗe a sakatariya ya san fuskokin da wannan bayani ya dace da su.

Abin da doka ta tanada

Hutun shekara ba alfarma ba ce da shugaba ke yi wa na ƙasa da shi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta aƙalla kwanakin aiki shida na hutu da cikakken albashi ga wanda ya yi wata 12 yana aiki. Ƙa'idojin Aikin Gwamnati sun fi haka yalwa: kwana 30 ga ma'aikacin da ke mataki na 07 zuwa sama, 21 ga na mataki na 04 zuwa 06, 14 ga na ƙasa da haka. A watan Satumban 2021, lokacin da Dakta Folasade Yemi-Esan take shugabar ma'aikatan tarayya, Majalisar Zartarwa ta amince da sabunta ƙa'idojin, aka koma ƙirga hutun da ranakun aiki, aka kuma ƙaro hutun kwana 14 ga magidancin da aka yi wa haihuwa. Wato babban ma'aikaci na da makonni shida cur a kowace shekara.

To me ya sa ake barin su? Dalili na farko tsoro ne. Akwai mai ganin in ya tafi, kafin ya dawo wani ya gaje teburin, ko an rubuta sunayen masu tafiya taro ko kwas babu nasa. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya cinye kaso mai tsoka na albashi, don haka alawus ɗin tafiya ya zama abin da ake toshe ɓaraka da shi, kuma ba ya samun wanda ba ya nan. Na biyu shi ne shugaban da ya ɗora komai a kan mutum ɗaya, har ya zama ba a san inda fayil yake ba sai shi. Na uku kuwa al'ada ce: mun taso muna yabon wanda ba ya zama, muna kallon mai hutu kamar malalaci.

Akwai kuma waɗanda suke karɓar hutun amma ba sa hutawa. Wani ya mayar da motarsa ta haya tsakanin Masaka da Bega, wani ya tare a wurin gini, wani ya shafe makonnin yana amsa kiran ofis daga ƙauye. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a ka. Babu mai zargin wanda albashi bai ishe shi ba don ya nemi ƙari, amma ko mako guda daga cikin shida ya kamata a keɓe wa jiki.

Su ma manya suna hutawa

Majalisar Dokoki ta Tarayya kan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Manyan kotuna su ma suna da hutunsu na shekara, a bar alƙalai kaɗan don shari'o'in gaggawa. Ba a taɓa cewa ƙasa ta tsaya saboda haka ba. A Japan, inda mutuwa saboda yawan aiki ta yi ƙamari har aka raɗa mata suna, dokar da ta fara aiki a 2019 ta tilasta wa kamfanoni su tabbatar ma'aikaci ya ci aƙalla kwana biyar na hutunsa. A nan gida, Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disamban 2021. Ko manomin ƙasar Hausa ya san gonar da aka matsa wa shekara bayan shekara takan gaji, shi ya sa yake barin ta saura har ta farfaɗo.

Ofis ma yana cin riba. Idan jami'i ya tafi hutu dole ya rubuta takardar miƙa aiki, dole na ƙasa da shi ya koyi abin da yake yi. Masu binciken kuɗi sun daɗe da sanin cewa kujerar da mai ita ba ya yarda ya tashi ko na mako biyu, kujera ce da ya kamata a duba.

Abin yi

Gyaran yana farawa ne daga jadawalin hutu da kowane sashe ya kamata ya tsara a farkon shekara. Ma'aikaci ya sa sunansa da wuri, ya zaɓi lokacin da yara suke gida, ya nema a rubuce, ya ajiye kwafi, domin hutun da shekara ta wuce ba a ci ba yakan bi ruwa. Ya miƙa aiki dalla-dalla yadda ba sai an neme shi ba. A makon farko ya je asibiti a auna jininsa da sukarinsa, ya rama barci, ya ziyarci iyaye ba don rasuwa ko biki ba. Daraktoci kuma su fara da kansu, domin na ƙasa ba ya iya neman abin da bai ga na sama yana yi ba. Masu riƙe da muƙaman siyasa su raba wa hadimansu kwanaki, kowa ya san ranar da wayarsa za ta yi shiru.

Aikin gwamnati yana ƙarewa ne a shekara 35 ta aiki ko shekara 60 da haihuwa. Ranar da aka miƙa takardar ritaya, washegari wani ne a kan kujerar, fayiloli kuma su ci gaba da tafiya. Abin da mutum zai koma da shi gida shi ne jikinsa da iyalinsa, a yadda ya bar su.