Dalilan da ke sa injin babur ya riƙa katsewa idan ya ɗauki zafi

Akwai wata matsala da masu babura, musamman 'yan acaɓa, suka saba gamuwa da ita. Babur zai tashi lafiya lau da safe, ya kama hanya babu tangarɗa, amma bayan tafiyar minti 15 ko 20 sai ya fara fizga yana tari, ƙarfinsa yana raguwa, wani lokaci ma ya mutu gaba ɗaya. Idan aka bar shi ya huce, sai ya sake tashi tamkar babu abin da ya same shi.

Wannan hali ne ke sa matsalar wuyar ganewa. Kafin a tura babur ɗin zuwa wurin makanike ya riga ya huce, saboda haka duk abin da aka gwada sai a tarar yana aiki. Daga nan sai a shiga sauya kayan gyara bisa hasashe, kuɗi na tafiya, cuta na nan. Ga kuma haɗari, domin babur da ya katse a daidai lokacin da mai shi ke ƙoƙarin wuce babbar mota zai iya jawo asarar rai.

Mafi yawan baburan da ake hawa a Najeriya, irin su Bajaj Boxer, Jincheng, TVS da Haojue, ƙananan injuna ne masu silinda ɗaya, kuma iskar da ke dukan su a lokacin tafiya ce ke sanyaya su. Injin na buƙatar abu uku kafin ya yi aiki: wuta mai ƙarfi a bakin fulogi, haɗin fetur da iska daidai gwargwado, da kuma matsi a cikin silinda. Zafi na iya taɓa kowanne daga cikinsu, don haka babbar ƙa'ida ita ce a yi bincike tun injin na da zafi, a fara da abin da ya fi sauƙi da araha.

Murfin tanki da hanyar mai

A jikin murfin tankin mai akwai ƙaramar kafa da iska ke shiga don cike gurbin fetur ɗin da ya sauka. Idan ƙura ta toshe ta, bayan 'yar tafiya mai zai daina sauka yadda ya kamata, inji ya fara shaƙewa. Gwajin ba ya cin ko sisi: da zarar babur ya fara fizga, a tsaya a buɗe murfin. Idan aka ji ƙarar shigar iska, kuma babur ya dawo daidai, to an gano bakin zaren. Haka nan a duba matatar mai da tiyon da ke kai shi kafireto, a tabbatar bai lanƙwashe ba, bai kuma jingina da jikin inji mai zafi ba.

Abin da launin fulogi ke faɗa

Mataki na gaba shi ne a kwance fulogi a dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa alama ce ta lafiya. Baƙi mai toka a bushe na nuna fetur ya yi yawa. Inji mai sanyi na son fetur da yawa, shi ya sa ake jan cok da safe, amma idan ya yi zafi wannan yawan ya zame masa illa. Cok da bai koma wurinsa ba, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, su ne suka fi jawo hakan.

Idan kuwa bakin fulogin ya yi fari fat, fetur ne ya yi kaɗan. Hakan na faruwa idan datti ya toshe ƙananan kafofin kafireto, ko robar da ta haɗa kafireto da inji ta tsage tana shigar da iska. Irin wannan haɗin na ƙara wa inji zafi, har ya kan kai ga lalata fistin. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan babura ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.8 ba, kuma idan ta buɗe fiye da haka wuta na wahalar tsallakawa.

Kwayil da sauran kayan wuta

Kayan wuta na cikin waɗanda zafi ya fi tona wa asiri. A cikin kwayil akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe sau dubbai. Idan ta tsufa ko rufinta ya tsage, zafi kan buɗa tsagar, wuta ta yi rauni ko ta yanke, sannan ta dawo bayan an huce. Haka lamarin yake ga kwayil ɗin magneto, da akwatin CDI, da hular fulogi.

Ana gwadawa ne nan take bayan babur ya mutu: a sa fulogi a hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da fetur, ba tare da riƙe shi da hannu tsirara ba, sannan a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ita ake nema. Idan ta fito ja-ja, ko ba ta fito ba sai bayan an huce, laifin na ɓangaren wuta ne. Hikima ita ce a gwada da kayan wani babur mai lafiya, ɗaya bayan ɗaya, kafin a sayi sabo.

Tazarar bawul

Idan wuta da mai sun yi daidai, sai a koma kan bawul. Ƙarfe na miƙewa idan ya yi zafi, shi ya sa ake barin 'yar tazara, wadda a yawancin ƙananan injuna ke tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.10. Idan tazarar ta matse, bawul ba zai rufe ruf ba lokacin da inji ya yi zafi, matsi ya zurare, babur ya yi wuyar tashi. Wannan ne kaɗai awon da ake yi inji na sanyi, kuma bisa adadin da kamfani ya ƙayyade. Masu matse bawul don kawai a rage ƙara su sani cewa 'yar ƙarar ta fi bawul ƙonanne sauƙi.

Rigakafi

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a sassa da dama na arewacin ƙasar nan, cunkoso da lodi fiye da ƙima na ƙara wa inji wahala. Ya kamata a riƙa duba baƙin mai, wanda a yawancin waɗannan babura bai wuce kimanin lita ɗaya ba, a wanke taɓon da ke maƙalewa a tsakanin haƙarƙarin inji, a kuma tsaftace matatar iska a kai a kai. Watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi kuwa na iya tsaga ƙarfe ko lanƙwasa shi.

Mai babur da ya lura da tsawon tafiyar da yake yi kafin matsalar ta fara, da abin da ya ji sa'ad da ya buɗe murfin tanki, da launin fuloginsa, ya riga ya rage wa makanike rabin aiki. Abin da ya rage shi ne ya kai babur ɗin da zafinsa, ya kuma nemi a gwada kafin a sauya.