Ƙwayar Zogale da Kwantar da Gurɓataccen Ruwa

A Lambara, cikin yankin Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato, an san zogale da ganyensa, wanda ake yin kwaɗo da shi. Amma ƙwayarsa tana da wani aiki dabam, watau kwantar da dattin ruwa. Itacen ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, gama Dalziel ya rubuta sunayensa, zogalagandi da bagaruwar Makka, tun a 1916.

Ya kamata a fara da rarrabe kalmomi uku. Tacewa ita ce a bi da ruwa ta cikin ƙyalle ko yashi. Kwantarwa ita ce a sa dattin ya sauka gindin randa. Tsarkakewa kuwa ta haɗa har da kashe ƙwayoyin cuta. Aikin zogale shi ne na biyun.

Abin da ke hana ruwan kududdufi kwanciya da damina shi ne, ƙananan ɓarɓashin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka suna tunkuɗe juna, su yi ta yawo a cikin ruwa. Binciken Ndabigengesere da abokan aikinsa a 1995 ya nuna cewa ƙwayar zogale tana da furotin mai kishiyar wannan caji. In ya narke sai ya kama ɓarɓashin, su dunƙule, su yi nauyi, su nutse. Haka alif ke yi, sai dai alif saye ake yi, yana kuma ƙara wa ruwa tsami.

Matan ƙauyukan Sudan sun riga masana sanin wannan, domin da shi suke kwantar da ruwan Nilu, kamar yadda Samia Jahn ta bayyana a 1981. Akan ɓare busasshiyar ƙwaya, a daka ta lilis, a dama da ruwa mai tsabta, a tace, a zuba. Sa'an nan a motsa da ƙarfi, a koma a hankali, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Misalin ƙwaya ɗaya ke isar lita guda in ruwan ya gurɓace ƙwarai.

Masana sun gwada dabarar a kan ruwan da marina da majema ke zubarwa, irin wanda ya daɗe yana damun kogin Challawa a Kano, aka ga tana rage launi da datti.

Amma fa ruwan da ya yi garau ba lalle ne ya zama lafiyayye ba. Zogale yana rage ƙwayoyin cuta, ba ya ƙare su, kuma ragowar garinsa abinci ne gare su in ruwan ya kwana. Don haka malamin da zai koyar da wannan dabara wajibi ne ya haɗa da cewa a tsiyaye ruwan sha, a tafasa shi, a yi amfani da shi a ranar.