Fitilar taya a dashbod: Yaushe take faɗin gaskiya?

Da sanyin safiyar hunturu, direba ya tashi mota a Gaya zai nufi Ajingi, sai wata fitila ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki ta kama a dashbod. Wasu kan manna mata salatif su wuce, alhali taya maras isasshiyar iska kan ɗau zafi har ta fashe ana cikin gudu.

Tun Satumban 2007 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci wannan na'ura, shi ya sa ta yawaita a motocin da ake shigowa da su daga can. Fitilar kan kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100.

Abin lura shi ne yadda ta kama. Idan ta tsaya cak, iska ce ta yi ƙasa, kuma sanyi kaɗai na iya jawo hakan. A auna tayoyin kafin su yi zafi, har da safaya, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda ke jikin taya ba.

Idan kuwa ta yi ƙyaftawa kamar minti guda kafin ta tsaya, na'urar ce ta samu matsala. Batirinta kan yi shekara 5 zuwa 10 ne, kuma mai faci na iya fasa ta da ƙarfe wajen cire taya. Maganinta a saka sabuwa, a saita ta da kwamfuta. Kafin nan, a ajiye geji a mota, a riƙa aunawa.