Ƙafar Ayarin Zamani a Hanyar Bodinga da Shagari

Madugun dā ba ya ɗora wa raƙumi kaya sai ya duba ƙafarsa. Ayarin yau, wato motocin albasa da na fasinja da ke ratsa Bodinga da Shagari zuwa Jega, kan taya yake tafiya, amma kaɗan ne cikin direbobinmu ke karanta rubutun gefenta.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, kwancen tayoyi 'yan Beljiyam suka cika kasuwa. Mai saye zanen taya kawai yake dubawa, kuma a nan gizo ke saƙar. Wasunsu domin hunturun Turai aka ƙera su, shi ya sa suke ɗauke da tambarin dutse da ƙanƙara. Robarsu laushi gare ta, ba ta jure kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40.

Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Daga nan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke ƙirga wa taya shekara huɗu, ko da zanenta bai suɗe ba.

Na san sabuwar taya ta yi tsada, ga direba da balas a wuya. Saboda haka nake ɗora nauyin a kan shugabannin tasha: ɗan kamashon da ke ƙirga fasinja ya riƙa duba wannan lamba kafin a fara lodi.