Kundin digiri na farko: Abin da ɗalibi ke koya idan ya fita bincike da kansa

A jami'o'in Najeriya, ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe ba ya karɓar digiri sai ya miƙa kundin bincike, wanda ɗalibai suka fi sani da furojet. Da yawa na ɗaukarsa tamkar shingen ƙarshe da za a tsallake a huta, har wasu kan kwafi aikin waɗanda suka gabace su, ko su biya a rubuta musu. Alhali kuwa a nan ne ɗalibi ke samun damar farko ta yin tambayar da babu amsarta a littafin aji, ya kuma nemo amsar da hujja.

Tsarin ya samu gindin zama a ƙasashe da dama. A Amurka, cibiyar fasaha ta MIT ta buɗe shirin shigar da ɗaliban digiri na farko cikin binciken malamansu a 1969. A 1987 kuma aka fara taron ƙasa na shekara-shekara a Jami'ar North Carolina da ke Asheville, inda ɗalibai daga kowane fanni ke gabatar da abin da suka gano. Hanyar aiki ta bambanta daga fanni zuwa fanni, amma manufar ɗaya ce.

Halittun teku: ido da haƙuri

Mai nazarin halittun teku yana aiki ne da lokacin da ruwa ya ja baya. Yakan bi gaɓa yana ɗibar ƙananan halittu, ya auna gishirin ruwa da ɗuminsa, ya duba abin da ya samo a madubin ƙara girma, sannan ya maimaita har sai ya tabbata abin da ya gani ba dace ba ne.

Haka Charles Darwin ya fara. Ya shiga Jami'ar Edinburgh a 1825 don karatun likita, karatun da bai kwanta masa ba. Sai ya riƙa bin wani masani, Robert Grant, zuwa gaɓar Firth of Forth. A watan Maris na 1827, yana da shekara 18, ya shaida wa wata ƙungiyar ɗalibai mai suna Plinian abubuwa biyu da ya lura da su: abin da ake ɗauka ƙwai ne na wata halitta mai suna Flustra ashe 'ya'ya ne masu iyo da kansu, kuma wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ake gani a jikin ɓawon kawa ƙwai ne na wani matsattsakun teku. Binciken ƙarami ne, amma ya koya masa duba abu da kyau kafin yanke hukunci. Daga baya ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin rukuni guda na halittun teku masu manne wa duwatsu da jiragen ruwa.

Ɗalibin Najeriya ma yana da inda zai yi irin wannan aiki. Akwai Cibiyar Binciken Teku ta Ƙasa a Legas, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, kusa da tafkin Kainji, ga waɗanda ke nesa da teku.

Kimiyyar zamantakewa: takardar da ta sauya doka

A fannonin siyasa, tattalin arziki da halayyar jama'a, kayan aikin su ne tambayoyi, ƙididdiga da takardun hukuma. A 1982, wani ɗalibi mai shekara 19 a Jami'ar Texas da ke Austin, Gregory Watson, ya ci karo da wata gyaran fuska ga tsarin mulkin Amurka da aka gabatar tun 1789, amma ba ta samu amincewar isassun jihohi ba. Abin da ta tanada shi ne, duk sauyin albashin 'yan majalisar tarayya ba zai fara aiki ba sai bayan zaɓe mai zuwa.

Watson ya lura cewa ba a ɗibar mata wa'adi ba, saboda haka ya rubuta cewa har yanzu tana da rai. Aka ba shi makin C. Bai karaya ba, ya shiga aika wasiƙu ga 'yan majalisun jihohi. Jihar Maine ta amince a 1983, wasu suka biyo baya, kuma a 1992 ta zama gyara ta 27 a tsarin mulkin ƙasar. A 2017 jami'ar ta mayar da makinsa A. Abin da ya yi bai wuce karanta tsohuwar takarda a tsanake ba, ya ga abin da wasu suka tsallake.

Adabi da tarihi: ceto abin da ke gushewa

A fannonin harshe, adabi da tarihi, ɗalibi yana aiki da rubuce-rubucen da, da kuma abin da ke bakin mutane. A nan ɗaliban Arewa suke da taskar da ba kowa ke da ita ba. Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo sun tara kundaye masu yawa da ɗalibai suka rubuta a kan makaɗa da mawaƙa, sana'o'in gargajiya, karin magana da tarihin garuruwa. Ga kuma takardun da ke ajiye a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, dukansu a Kaduna.

Ɗalibin da ya zauna da tsohon maƙeri ko marini a garinsu, ya naɗi bayaninsa, ya rubuta shi daidai, ya kuma gwada shi da na wasu dattawa, ya adana ilimin da zai iya tafiya tare da mai shi. Wanda ya kwafi kundin wani kuwa, ya bar wannan dattijo ya wuce ba a tambaye shi ba.

Abin da ke gyara aikin

Abu na farko shi ne taƙaita tambaya. Batun talauci a Najeriya baki ɗaya ya fi ƙarfin wata shida, amma yadda mata masu ƙuli-ƙuli a kasuwa guda ke samun jari abu ne da za a iya bin diddiginsa. Na biyu shi ne malami mai duba aiki wanda ke da lokacin karantawa da gyara, kamar yadda Darwin ya samu Grant. Idan aka jibga wa malami ɗaya ɗalibai masu yawa, dubawar takan zama sa hannu kawai. Na uku shi ne gaskiya: a ambaci inda aka samo kowace magana, a nemi izinin waɗanda aka yi hira da su, a kuma rubuta sakamako ko da ya saɓa wa abin da aka zata.

Sauran nauyin yana kan jami'o'i. Kundin da aka ɗaure aka jibge a ɗakin ajiya ba ya amfanar kowa. Idan aka sanya nagartattun a intanet, aka kuma ware rana guda a shekara da ɗalibai za su gabatar da aikinsu a bainar jama'a, mai kwafi zai ji tsoron tonuwar asiri, mai ƙwazo kuma zai san akwai masu karanta abin da ya wahala a kai.