Ka sayi gida a Zongo, mai sayarwa ya ce ka tashi

A Zongo, yammacin Wagadugu, yawancin gidaje suna kan filayen da gwamnati ba ta yanka ba. Ciniki kan ƙare ne da 'yar takardar hannu da shaidu. Mai saye ya tare, sai jita-jitar yankan filaye ta taso, farashi ya hau, mai sayarwa ko magadansa su dawo su ce: ba a biya cikon kuɗi ba, ko filin na gado ne.

A 1984, zamanin Thomas Sankara, doka ta mayar da ƙasa mallakar gwamnati, shi ya sa takardar hannu ba ta da ƙarfi sosai. Amma fa mai sayarwa ba shi da ikon watso kayan kowa waje. Sai kotu ta yanke hukunci, jami'inta ya zartar.